Taken Garin da Ruwa Ya Ci

A Bakura aka kayar da ni, ranar kokawar ƙarshe ta waccan kakar, kuma har yau in mutum ya zo yana lallashina da cewa santsi ne ya ja ni, sai in ce masa ya daina. Babu wani santsi. Mutumin, gwarzon Bakura, ya fi ni ƙafa a ranar. Ya shiga ƙarƙashina, ya ɗaga ni, ya ajiye ni da la'asar sakaliya, kowa yana kallo. Na tashi na kakkaɓe walkina, na ba shi hannu, na fita daga fage. Kayen bai yi mini ciwo ba kamar shirun da gangar bayana ta yi.

Mai gangar tsoho ne, abokin mahaifina, Baba nake ce masa. Shi ne makaɗin 'yan kokawar garinmu tun kafin in san dama da hagu. Garin namu kuwa, in za ka neme shi yau sai ka nemi kwalekwale. Yana cikin ƙauyukan ƙasar Maradun da ruwa ya ci lokacin da aka datse gulbi a Bakolori. Muka watse. Wasu suka koma sabon matsuguni a kan tsandauri, wasu suka bi dangi zuwa Bakura, wasu suka gangara Talata Mafara neman aikin noman rani. Ni da Inna, mahaifiyata, muna cikin na ƙarshen nan. Muka samu ɗaki biyu a bayan gari, kusa da babban kanal na ban ruwa, ina aiki a gonar alkamar wani mutum.

Gari ya tafi, amma ya bar mana abu ɗaya, wato takensa. Kiɗa ne da ake yi wa gwarzon garinmu in zai shiga fage: ganga ta kira sunan garin, 'yan gari su amsa. An kaɗa wa kakana, an kaɗa wa mahaifina, sannan ya iso kaina. Bayan tashinmu babu sauran wurin da ake ɗaga murya da sunan garin nan sai fagen kokawa. Ko'ina ka je aka tambaye ka ɗan ina ne, ka faɗa, sai a ce maka ai babu wannan garin, yanzu ina kake zaune? A fage kaɗai ne babu mai yi mana wannan tambayar.

To, 'yan kokawar yankinmu suna da al'ada, kuma ba ta da tausayi. In mutum ɗaya ya kayar da gwarzon gari kaka biyu a jere, ko kuwa wanda aka kayar ya ƙi fitowa ramuwa, take ya bi wanda ya yi kayen. Makaɗi zai ci gaba da kaɗa shi, amma da sunan garin wancan a ciki. Na san wannan sarai ranar da na dawo daga Bakura. Duk da haka na rataye walkina a ƙusa bayan ƙofa, na ce in ya ga dama ya ruɓe a can.

Ba zan ba kowa haƙuri a kan watannin da suka biyo baya ba. Na gaji ne, kuma ina da dalilin gajiya. A da, in an gama kokawar kaka, rani namu ne. Mu huta, jiki ya warke, sannan mu gangara gulbi inda ruwa ya janye ya bar rairayi mai zurfi, mu yi ta kamawa a ciki har ƙafa ta zama itace. A rairayin nan ake yin ɗan kokawa. Da dam ya zo, sai ya haɗiye rairayin, ya haɗiye ranin ma gaba ɗaya. Kana gama yankan shinkafa a ce shukar alkama, kana gama ban ruwan alkama a ce dashen albasa. Aiki ne na duƙe, yana cinye baya amma ba ya ba ƙafa komai. Da wannan ƙafar na je Bakura.

Sai na zauna. In na taso daga gona in ci tuwon shinkafa har in kasa tashi, in je wurin mai shayi in shimfiɗe a benci. Tumbi ya fara leƙowa. Samarin wurin suka samu abin yi.

"Gwarzo, yaushe za a koma Bakura a ɗauko takalmin da aka bari?"

Ni kuwa in ce musu wanda ya matsu ya je ya ɗauko mini, ga hanya nan. Su yi dariya, in yi dariya, amma shayin ba ya wucewa da daɗi.

Inna kaɗai ce ta ji daɗin zamana. Ba ta taɓa son kokawa ba, don ita ta yi ta gasa wa mahaifina haƙarƙari da ruwan zafi har Allah ya karɓi abinsa. Kullum ta ga walkin nan a ƙusa sai fuskarta ta saki. Takan ce, "Ka gani? Ba ka mutu ba don ka bar ta. Yanzu sai ka nemi mata mu huta."

Cikin bazara, ranar wata Talata da kasuwa ta cika, Baba ya zo. Daga sabon matsuguni ya taso. Ya zauna a tabarma, muka gaisa kamar yadda ya kamata: lafiya, gajiya, iyali, zafi, mutanen can, mutanen nan. Inna ta kawo masa fura ya sha. Da ta koma ciki sai ya sa hannu a aljihu ya fito da goro a ƙunshe cikin ganye, ya ajiye tsakaninmu.

"Na Bakura ya aiko man da wanga," in ji shi. "Ban ci ba, ban kuma maida mai ba."

Na ce, "Baba, ai kaka ba ta zo ba tukuna. Wace irin gaggawa yake yi?"

"Shi bai yi gaggawa ba. An hwaɗa mai ka aje walki. Ya ce in hakanan ne, in fara koyon sa sunan garinsu cikin take tun yanzu, kada bakina ya sarƙe ranar taro."

Wallahi sai da na ji kunnuwana sun yi zafi. Na ce wa ya gaya masa na ajiye? Baba ya miƙo yatsa ya taɓa tumbina sau ɗaya, a hankali, ya mayar da hannunsa. Da wani ne ya yi mini haka da mun kwashi 'yan kallo.

"Ni makaɗi ne, ɗana," ya ce. "Al'ada ba ni na kawo ta ba, ba ni ka tashe ta. In ba ka fito ba, da hannuna zan kaɗa mai, kuma zan kaɗa da kyau. Abin da na zo ji ɗaya ne. Kana nan, ko ba ka nan?"

Na ce masa ina zan yi horo? A kan simintin kanal? Na ce su da suka ga rairayi suna da bakin magana, mu an bar mu da laka da tiyon ban ruwa. Na faɗi maganganu da yawa, wasu ma ba da shi nake ba. Ya bar ni na gama. Da ya tashi tafiya, yana gyara hularsa, sai ya ce kamar wanda ya tuna wani ƙaramin abu, "Masunta sun ce bana ruwa ya ja baya ƙwarai. Wai tudun dandalinmu ya fito." Ya tafi ya bar goron a tabarma.

Ranar Juma'a, da aka sallame sallar asuba, na fito da kekena. Inna tana hura wuta ta tambaye ni ina zuwa. Na gaya mata gaskiya. Ta gyara itacen wutar, sannan ta ce, "Je ka. Amma in ka dawo kada ka hwaɗa man abin da ka gani. Ba ni so."

Na bi gefen kanal na kama hanyar Maradun. Kafin rana ta ɗaga cinyoyina sun fara kuka, ni da a da nake zuwa Bakura in dawo ban san na yi tafiya ba. Na wuce Maradun har inda hanya ta ƙare. Daga nan sai busasshiyar laka mai tsattsagewa wadda keke ba ya hawa. Na jingina shi a rumfar wasu masunta, na ci gaba da ƙafa, ina ɗan gudu don ƙasar tana ƙona tafin ƙafa. Can sai ga ruwa, ga kuma tudun a tsakiyarsa. Masuntan sun ce in jira su kai ni da kwalekwale. Na ce musu da ruwan gulbin nan aka yi mini wankan farko, babu wanda zai kai ni garinmu kamar baƙo. Na tuɓe riga na faɗa.

A tsakiya na yi nadamar bakina. Numfashi ya ƙare, hannu ya yi nauyi, na sha ruwa har ya fito mini ta hanci. Na juya rigingine na huta, na sake kamawa. Da na taɓa tudun sai na ja jiki na kwanta kamar kifin da aka jefo kan gaɓa, ina tari.

Da na dawo hayyacina na tashi na duba. Tsamiyar dandali tana nan, ta mutu, ta yi fari fat, babu ganye ko ɗaya. Dutsen da dattawa suke zama a kai yana nan. Sauran garin duk yana ƙarƙashin ruwa: gidanmu, masallaci, rijiya, makabartar da mahaifina yake. Amma dandalin kansa, inda na fara kama yaro ɗan'uwana muka faɗi tare, ruwa ya tara masa rairayi mai laushi har ƙafa tana nutsewa zuwa idon sawu. Irin rairayin da nake cewa babu shi.

Na zata kuka zan yi. Haushi ne ya zo. Na ji haushin ruwan, na ji haushin na Bakura da goronsa, na ji haushin duk wanda ya taɓa ce mini babu wannan garin. Ga shi nan ina tsaye a kansa. Na kama gindin tsamiyar nan na yi ta tura ta kamar mutum, ƙafafuna suna tona rairayi, har sai da ƙarfina ya ƙare. Kafin in koma ruwa na cika aljihun wandona da ƙasar gindinta, na ɗaure bakin da igiya. 'Yan kokawa sukan watsa ƙasar garinsu a fage kafin a kama. A Bakura ƙasar bayan kanal na watsa, don ita nake da ita.

Daga ranar nan, Juma'a ta zama ta tudu. Keke, gudu a kan laka, iyo, sannan rairayi har rana ta take, sannan in dawo ta yadda na je, in tsaya Maradun in yi sallar Juma'a. Sauran ranaku kuwa, kafin in shiga gona, sai in yi gudu a bakin kanal. In ana lodin albasa in ce a bar mini manyan buhuna. Mai gonar ya ce ko na samu taɓin hankali ne, na ce eh, kuma ba na neman magani. Samarin wurin mai shayi suka canja waƙa, wai na koma kokawa da aljanun ruwa. Na ce musu aƙalla aljanun suna kamawa, ba a benci suke kwana ba.

Ba kullum ne da daɗi ba. Akwai safiyar da nakan farka in ji jikina kamar an daka shi a turmi, in ce yau kam ba ni zuwa. Sai idona ya faɗa kan goron nan, don na ɗauke shi na ajiye a kan taga, ya bushe ya yi baƙi. Ina ganinsa sai in tashi. Daga baya wasu 'yan garinmu na sabon matsuguni suka ji labari, suka fara tarar da ni a tudun. Su da kwalekwale suke zuwa, masu hankali. Su ne suka ba ni jikin kamawa, ɗaya bayan ɗaya, har kowa ya gaji.

Da damina ta kankama ruwa ya dawo ya rufe tudun, ya bar kan tsamiyar kawai. Ban tsaya ba. Na koma lakar shinkafar da nake zagi, na ga ashe ita ma tana riƙe ƙafa in ka shiga da niyya. Inna tana ganin komai. Ta daina maganar aure, ta ƙara yawan tuwo, amma ko sau ɗaya ba ta tambaye ni tudun ba. Ƙasar da na ɗebo na zuba ta a ƙaramar jakar fata, na rataye tare da walki.

Kaka ta zo. Aka sa kokawa a Talata Mafara, aka ce na Bakura zai zo. Da la'asar fage ya cika. Baba yana gefe da gangarsa, bai dube ni ba, ni ma ban dube shi ba. Na je na ajiye masa busasshen goron nan a gabansa, na ce ya mayar wa mai shi.

Sanƙira, mai shelar 'yan wasa, baƙo ne, bai san ni ba. Ya tambaye ni ɗan ina zai ce. Na faɗa masa sunan garinmu.

"Wanda ruwa ya ci? Ai sai dai in ce ɗan Mafara, tunda nan kake zaune."

Na ce, "Faɗi abin da na faɗa maka. In ba ka iyawa ba ni wurin in faɗa da kaina."

Ya dube ni, ya ga ba wasa a fuskata, ya ɗaga murya ya faɗa. Baba ya saki take. Na kwance jakar, na ɗebi ƙasa cike da hannu na watsa a tsakiyar fage.

Muka kama. Mutumin nan ƙarfi gare shi, ba zan rage masa komai ba. Bai ɓata lokaci ba ya nemi abin da ya yi mini bara: ya sunkuya ya shiga ƙarƙashina zai ɗaga. Na ji kafaɗarsa a cikina, na ji ya ja numfashi. Na buɗe ƙafa na zauna a kansu yadda nake yi wa tsamiya. Ya ɗaga, ban tashi ba. Ya sake, ban tashi ba. Na ji ya yi wani ɗan gurnani na mamaki, kuma wallahi duk wahalar da na sha, wannan gurnanin ya biya ni. Na nemi ƙafarsa, ya zame. Ya nemi wuyana, na ƙi. Aka raba mu, muka sha ruwa, muka koma. Haka muka yi ta yi, gumi yana sa hannu yana sulɓewa, har rana ta yi ja, masu alwala suka fara tashi. Alƙalin wasa ya shiga tsakaninmu ya ɗaga hannuwanmu tare. Canjaras.

Ban kayar da shi ba. Masu ba da labarin nan a bayana sukan ƙara gishiri su ce na yi, ni kuwa ba na so, don abin da ya faru ya ishe ni. Bai kayar da ni kaka biyu a jere ba, ban kuma ƙi fitowa ba. Take ya zauna inda yake. Na Bakura ya riƙe hannuna ya ce, "Baɗi." Na ce masa ina nan.

Baba ya sake sakin taken, wannan karon da dukan ƙarfinsa. Ganga ta kira sunan garin, sai na ji an amsa ta gabas, an amsa ta yamma, an amsa ta bayana. Ban san mun kai haka yawa a wurin ba. 'Yan garinmu na sabon matsuguni, da waɗanda suka koma Bakura, da na nan Mafara, waɗanda rabon da su tsaya wuri ɗaya tun ranar da aka loda kayanmu a mota. Ina tsaye ina haki sai wani dattijo ya shigo fage, ya tsuguna daidai inda na yi watsin.

"Wagga ƙasar gida ce?" ya tambaye ni.

Na ce ta dandali ce.

Ya sa yatsu ya tsinci abin da zai iya, duk da mun tattake ta ta gauraye da ta Mafara, ya ƙulle a bakin rawaninsa. Wasu suka biyo shi. Na kwance jakar na yi ta zuba musu kaɗan-kaɗan a tafin hannu, manyan mutane masu furfura suna miƙo hannu biyu. Na rage kaɗan a gindin jakar na ɗaure.

Da na isa gida Inna ta idar da sallar magariba, tana zaune a kan tabarmarta. Labari ya riga ni. Ba ta yi mini barka ba, ta dai dubi haƙarƙarina ta ce ruwan zafi yana kan wuta. Na ajiye jakar kusa da ita ban ce komai ba, tunda ta hana ni faɗa. Ta daɗe ba ta taɓa ba. Sannan ta kwance, ta zuba a tafinta, ta murza da yatsa, ta kai hanci.

"Ta gindin tsamiya ce," ta ce.

Na ce eh.

Ta ƙulle ta a bakin mayafinta, ta ja ƙullin da haƙori. Ta ce, "In ruwa ya ja baya baɗi, ka ɗebo man ta ƙofar ɗakina."

Ƙofar ɗakinta tana can gangare, wajen rijiya, inda ruwa bai taɓa janyewa ba ko a bazarar da ta fi kowace tsanani. Sai mutum ya yi nutso, ya kuma san inda zai nutsa. Ita ma ta san haka. Na ce mata to, na tashi na je na sauke ruwan zafin da kaina.